Harsashin kanti ko na rarar soja: wanne za ka saka wa tsohuwar bindiga?

Wallahi abin da ke tada min hankali shi ne mutum ya ga lambar girman harsashi da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin bindiga sai ya ce shikenan. Ba shikenan ba ne fa.

Harsashin rarar soja ya fi araha kuma don irin bindigar aka yi shi, matsalarsa tsufa, ga shi da yawansu in an harba suna barin wani gishiri a bututu, in ba ka wanke da ruwa ka shafa mai a ranar ba to tsatsa ta samu gida. Na kanti kuwa tsaf yake, amma an ƙera shi ne da sabbin bindigogin farauta a zuciya.

Ɗauki M1 Garand ta Amurka mai cin harsashi .30-06. Ita da hayaƙin harbin take aiki, shi ke tura wani dogon sandan ƙarfe ya sako harsashi na gaba, to na farauta mai ƙwaya mai nauyi da albarushi mai jinkirin ci yakan kai hayaƙin wurin da ƙarfin da ya wuce kima, sandan ya lanƙwashe, kuma samun wani ba wasa ba. Nata na soja nauyin ƙwayarsa wajen giren 150 ne (giren ma'aunin nauyin ƙwayar harsashi ne). Ni dai gara ka sayi wanda aka rubuta a kwalinsa na Garand ne, Federal da Hornady duk suna yi, ko ka sa mata murfin gas da ake saitawa don rage ƙarfin hayaƙin.

Mauser mai 8mm ta fi ban tsoro. Gewehr 1888, tsohuwar bindigar sojan Jamus mai cin wannan harsashi, faɗin ƙwayarta ta asali inci .318 ne, wajen 1905 Jamus ta koma .323 mai ƙarfi, kaga in bututunka na farko ne ka cusa na biyu ai ka sa fuskarka a haɗari. Shi ya sa kamfanonin Amurka ke rage wa nasu ƙarfi, na Turai irin Sellier & Bellot sukan fi zafi.

Haka .308 Winchester da 7.62 NATO, kamar tagwaye suke amma bangon kwanson .308 na kanti bai kai na soja kauri ba, ramin bindigar soja kuma yakan ɗan fi tsawo, musamman tsofaffin Mauser na Sifen da aka sauya musu bututu. SKS ta Rasha kuma allurarta mai bugun gindin harsashi sake take, in datti ya riƙe ta ga gindin harsashi mai laushi, tana iya tashi da kanta kana sakin sakata.

Kafin ka sayi ko kwali ɗaya, kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna faɗin bututun da ramin da harsashi ke zama. In Springfield 1903 ta Amurka ce mai lambar ƙira ƙasa da 800,000, wannan kam ni ko harba ta ba zan yi ba, ƙarfen wasunsu ya ƙone tun a maƙera.