Asibitin dabbobin da ya karɓi karena daren da ya yi tarin jini

Na daɗe ina kai karena wani asibitin dabbobi domin rigakafi da maganin tsutsa, amma ban san iyakar ƙwarewarsu ba sai daren da na gan shi ya miƙe wuya yana tari, ya tofar da kumfa mai jini a ƙasa. Jinin bai kai cikin cokali ba, har na yi niyyar bari gari ya waye, a zatona wani abu ne ya karce masa maƙogwaro, amma hankalina bai kwanta ba, sai na kira lambarsu ta gaggawa.

Likitar da ta amsa ba ta ɓata lokaci ba. Ta fara tambayata ko tari ne ko amai, domin jinin da ke fitowa daga huhu yakan zo ja jawur da kumfa, na ciki kuwa yakan yi duhu. Ta sa na ɗaga leɓensa na duba dasashi, na tarar ya yi fari fat maimakon jajajan da na saba gani. Sannan ta ce in ƙirga numfashinsa, ta bayyana mini cewa lafiyayyen kare a kwance yakan ja numfashi sau 15 zuwa 30 a minti ɗaya. Nawa ya haura 40. "Ku kawo shi yanzu, ranka ya daɗe," in ji ta, "kuma kada ku ba shi asfirin, domin zai ƙara masa zubar jinin."

Muna isa aka sa masa iskar oksijin, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka gwada saurin daskarewar jininsa. Abin da ya fi ɗaga darajarsu a idona shi ne tambayar da likitar ta nace a kanta: ko an sa maganin ɓera a gidan cikin makon nan? Gabana ya faɗi, domin kwana 4 ke nan da na ajiye shi a bayan wasu kaya, inda na ɗauka kare ba zai kai ba. Ta yi mini bayani dalla-dalla cewa irin wannan guba tana hana jiki amfani da bitamin K, wanda jini ke buƙata kafin ya daskare, kuma alamunta ba sa bayyana sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da mai kare ya riga ya manta. Duk da haka ba ta yanke hukunci ba sai da ta duba sauran dalilai, wato tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, da ciwon huhu, da ciwon ƙari, da rauni irin na bugun mota.

Akwai inda suka gaza. Na yi kusan awa 2 a zaune ba wanda ya leƙo ya gaya mini halin da ake ciki, kuma ranar sallama da baki kawai aka yi mini bayanin magani, ba a rubuta ba. Sai da na sake kira kafin na ji cewa bitamin K1 ya fi shiga jiki idan an haɗa shi da abinci mai ɗan maiƙo, alhali magani ne da za a sha har mako 4.

Wannan bai hana ni ci gaba da zuwa wurinsu ba, kuma ina ba duk mai kare shawarar ya adana lambar irin wannan asibiti, ya kira da zarar ya ga jini a tari komai ƙanƙantarsa, balle in ya haɗu da farin dasashi ko haki ko kasala. An ƙara wa karena ruwan jini a daren farko, ya kwana 2 a hannunsu, kuma gwajin da aka maimaita kwana 3 bayan ya gama magani ya nuna jininsa yana daskarewa daidai.