Matse bayanan wuta: mai dawo da komai ko mai zubar da ƙanana?

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ka tambayi wane matsi, wato hanyar rage girman fayil, ya dace da bayanan awon wutar lantarki: mai dawo da komai in an warware, ko mai zubar da ƙananan bayanai. Ga na'urar awon da za ka ɗaura a ɗakin sanyin nan na Jidda, ɗauki matsi mai dawo da komai.

Duba lissafin tukuna. Wutar Saudiyya zagaye 60 take yi a daƙiƙa. In na'ura na ɗaukar awo 128 a kowane zagaye, awo 7,680 ke nan a daƙiƙa kan layi ɗaya. Kowane awo bayit 2, layuka 6 (na boltej uku, na amfiya uku), ka ga kusan gigabait 8 a yini. Tura bayanan ta layin waya kuwa ya fi lissafin matsewar cin batir.

Matsi mai dawo da komai dabara ce mai kyau ƙwarai. Tunda zagaye yana kama da wanda ya gabace shi, sai a debe wannan daga wancan, a ajiye ɗan bambancin kawai, a rubuta shi da gajeruwar lamba irin ta Huffman, dabarar da ke ba abin da ya fi maimaituwa lamba mafi gajarta. Ran da kwamfiresa, wato injin sanyaya ɗakin, ya tashi wuta ta dusashe na ƙiftawar ido, za ka buɗe fayil ka tarar da surar igiyar wutar, wato hawa da saukarta, yadda ta faru, ba abin da ya ɓace. Da ita za ka gane ko laifin layi ne ko na injinka. Sai dai ragin ba shi da yawa, don haka kada ka ajiye komai. Ajiye matsakaicin awo na kowane minti 10, cikakkiyar igiya kuma sai in boltej ya kauce wa iyakar da ka sa, haɗe da 'yan zagayen da suka gabaci matsalar.

Matsi mai zubar da ƙanana ya fi rage fayil nesa ba kusa ba, amma ƙananan tsalle-tsallen da yake zubarwa su ne shaidarka.

Ka kula da masu kaya. Duk wanda ya ce maka na'urarsa tana matsewa ninki 50 ba asara, ka ce ya matse fayil ya warware a gabanka, ku gwada da na asali. Akwai kuma masu kawo na'urar da aka daidaita wa zagaye 50, irin wutar Sudan da Najeriya. In ba ta bin zagayen layi da kanta, debewar ba za ta hau daidai ba, fayil ya kumbura, awon ma ya karkace. Katin ajiya kuwa, sayi mai jure yawan rubutu, ka cika shi fal ka karanta kafin ka ɗaura, domin na jabu yana nuna girman da ba shi da shi.