Wasan kwaikwayon da ake shiga cikinsa da fasahar AR: ina suka haɗu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan kwaikwayon nan da 'yan kallo ke shiga tsakiyarsa shi ma nau'in AR ne, wato fasahar da ke ɗora hoto ko sauti a kan abin da ido ke gani. A ganina ya danganta da irin wasan, domin iri biyu ne ake haɗa su a suna ɗaya.

AR ba ta raba ka da inda kake. Ka tuna wasan waya na Pokémon Go a 2016: titin da mutum ya saba bi yana nan yadda yake, waya ce kawai ke ajiye masa wata halitta a gefen hanya.

To, dubi Sleep No More na kamfanin Punchdrunk, wanda aka yi ta nunawa a New York daga 2011 zuwa farkon 2025. An mayar da tsohon gini tamkar otal, da ɗakuna kusan 100. Za a ba ka farin abin rufe fuska, a hana ka magana, a sake ka. In ka so ka bi ɗan wasa a guje har bene na sama, in ka so ka tsaya ka jawo aljihun tebur ka karanta wasiƙar da ke ciki. Ina matuƙar son wannan, amma an rufe maka duniyar waje gaba ɗaya, an gina maka wata. Ya fi kama da VR, wato fasahar da ke rufe maka ido da na'ura ta saka ka cikin wata duniya ta kwamfuta.

Wanda ya dace da tambayarka shi ne Remote X na ƙungiyar Rimini Protokoll ta Jamus, da aka fara a 2013. Mutum 50 ne ke sa na'urar sauraro a kunne, muryar kwamfuta tana jagorantarsu cikin gari. Babu dandamali, babu labule. Mai jiran jirgin ƙasa da mai tsallaka titi sun zama 'yan wasa ba su sani ba. Garin bai canza ba, murya ce ta ƙara masa wata ma'ana. Wannan kam AR ce, ko da babu allon waya.

Abin da wayar ba ta kai ba tukuna shi ne jiki. A wasan Punchdrunk ɗan wasa na iya kama hannunka, ya ja ka ɗaki kai kaɗai, ya rufe ƙofa, ya yi maka raɗa kana jin numfashinsa.