Sati shida ina biyan kuɗin koyon linzami da ƙafa, ga yadda na ga abin

Tun ina yaro nake hawa doki, gidanmu dama akwai turke, duk sallah sai mun fita a tawagar hakiminmu, shi yasa da wani abokina yace in je in biya kuɗi a koya min hawa sai da raina ya ɗan sosu. Abinda ya canza min ra'ayi shi ne bayan Hawan Daushe na ƙaramar sallar da ta wuce, mun dawo gida da daddare na zo cire wa akawal ɗina, wato baƙin dokina, linzami sai na ga jini a gefen bakinsa ya haɗu da kumfa, kwana biyu ko dusa da ƙyar yake ci. Wallahi abin ya tsaya min a rai, saboda na san ba kowa ya ji masa ba, hannuna ne.

Wurin da na je barga ce ƙarama a nan Kano, mai koyarwar dattijo ne da ya daɗe yana kula da dawakan folo, kowa Baba yake ce masa. Tsarin shi ne Asabar da Lahadi da safe bayan an idar da asuba gari ya ɗan waye, awa ɗaya duk zuwa, ni na yi zuwa 12 cikin sati shida.

Ranar farko ko hawa bamu fara da shi ba. Yace in zauna akan benci in naɗe wando, ya ɗauko linzamin da na zo da shi daga gida, irin namu na gargajiya mai zobe da ƙarfen nan da yake tokare ganɗa, ya ɗora min akan ƙwauri ya ɗan ja, ɗan ja kaɗan fa ba fizga ba, sai da na ɗaga daga bencin. Sannan ya buɗe bakin wata goɗiya ya kama yatsana ya sa a wurin da linzami yake zama, tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili da babu haƙori, dasashi ne kawai a kan ƙashi. Yace ɗana nan wurin kake rataya nauyinka duk sanda ka ji zaka faɗi. Ban iya ce masa komai ba.

Zuwa uku na farko babu linzami a hannuna sam. Ya ɗaura wa dokin doguwar igiya ya tsaya a tsakiya muna zagaya shi, hannuwana a kan cinya, wani lokacin a buɗe gefe da gefe, shi kuma ba abinda yake faɗa sai sauke dunduniya, zauna a tsakiya, daina matse gwiwa. A nan na gane ashe duk shekarun nan da linzami nake riƙe kaina, shi yasa dokina kullum kansa a sama bakinsa a buɗe, ni kuma ina ɗauka ƙasaita ce da zafin jini.

Sai maganar ƙafa, wadda ita ce ta fi komai amfanar da ni. Mu yadda muka taso in kana so doki ya tafi sai ka zabura shi da kaimi ko gefen likkafa, likkafarmu kuma kowa ya san tana da faɗi da kaifin gefe. Baba yace dokin da ƙuda zai sauka a jikinsa ya ji har ya girgiza fatar wurin, shi ne kake ganin ba zai ji sha-raɓarka ba sai da ƙarfe? Yadda ya koya min shi ne ka fara matsa sha-raɓa a hankali daidai inda majayi, wato maɗaurin sirdi da ke zagaye cikin doki, ya ratsa, in bai motsa ba ka ɗan ƙara, in har yanzu shiru sai ka taɓa da dunduniya sau ɗaya, amma da zarar ya ɗaga ƙafa ka saki nan take. Wannan sakin shi ne duk karatun, ya fi sau ɗari yana maimaita min, saboda doki ba daga matsawar yake ganewa ba, daga sakin yake gane cewa abinda ya yi shi ake so. In ka ci gaba da dukan cikinsa yana tafiya kana duka to ka koya masa ya daina sauraronka, gobe sai da bulala.

Kuma kuskuren da nake yi wanda ban taɓa lura ba, ina zaburar doki da ƙafa hannuna kuma yana ja baya a lokaci ɗaya, kamar mutum ya taka totur da birki tare. Dokin ba shi da inda zai bi sai sama, daga nan ake samun tsalle da tirjiya ace doki ya yi halin banza.

Da aka dawo min da linzami sai aka bani mai sauƙi, irin mai gaɓa a tsakiya, hannu biyu, babban yatsa a sama, daga gwiwar hannu zuwa bakin doki layi ɗaya miƙaƙƙe. Juyawa kuma ba fizgo kai bane. In hagu zaka yi ka fara kallon hagun, hannun hagu ya ɗan buɗe, igiyar dama ta kwanta a wuyansa, ƙafar hagu a kan majayi tana riƙe tafiyar, ta dama ta ɗan koma baya dan kar ɗuwawunsa ya fita waje. A rubuce kamar da yawa, ni ma sai a sati na huɗu jikina ya fara yi ba tare da na tsaya tunani ba. Tsayawa ma haka, ka zauna da nauyinka, ka sauke numfashi, ka rufe yatsu, ya tsaya ka saki. Ranar da goɗiyar nan ta tsaya min cak ban ja komai ba illa zaman da na gyara, gaskiya sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Daga baya ya koma da ni hannu ɗaya irin na 'yan folo, inda igiya ke jingina a wuya doki ya kauce mata, wanda shi ne ya dace da mu masu hawan sallah tunda ɗaya hannun na mashi ne ko jinjina. Baba mutumin tarihi ne, yana yawan kawo Sarkin Katsina Usman Nagogo da yadda ya shahara a folo, yace mu da mahayanmu tun da, kuma bai taɓa zagin linzamin gargajiya ba, cewa yayi linzamin gwanaye ne, a hannun wanda ya iya da yatsa biyu ake sarrafa shi, matsalar yanzu ana miƙa wa yaron da ko zama bai iya ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Hawan sallar Kano tun 2024 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, baƙi suna zuwa da kyamara, bai dace ace zamiyar da muke taƙama da ita, wato ja wa doki linzami ya tsaya cak yana tsakar gudu, tana ƙarewa da jini a bakin dabba ba.

Abinda bai min daɗi ba kuma dole in faɗa. Sau biyu Baba bai zo ba aka haɗa ni da wani yaronsa, yaron ya iya hawa amma bai iya koyarwa ba, kuma hannunsa na saurin zuwa bulala, abinda aka hana ni shi yake yi a gabana, amma kuɗin dai cif aka karɓa. Hular kwano guda biyu ce kacal a wurin duk sun min yawa, ƙarshe tawa na saya. Filin ma ba a yayyafa masa ruwa, in kun kai ku huɗu ƙura sai ta hana ka ganin na gabanka. Sannan duk karatun a sirdin turawa aka yi, ni kuma da sirdinmu mai tudu gaba da baya zan fita, ga jalala da kayan ado da suke shiga tsakanin ƙafa da cikin doki, sai da na roƙa kafin aka yarda na kawo nawa a zuwa biyu na ƙarshe, kuma akwai bambanci sosai, sai ka ƙara matsawa kafin ya ji.

Kuɗin ba kaɗan bane ga mai albashi irina amma ban yi da na sani ba, in da hali ka nemi a tabbatar maka Baban ne da kansa zai tsaya kafin ka biya. Akawal ɗina yanzu sati uku kenan ina fita kilisa da shi da yamma da linzami mai sauƙi, bakin ya warke, har yanzu yakan ɗaga kai in na ɗauki igiya saboda ya saba jiran fizga, amma jiya daga ƙofar gida har bakin fili ya tafi wuyansa a sauke. Ƙanina mai shekara 14 zan kai wata mai zuwa kafin babbar sallah.