Wata huɗu da na'urar leza a shagona

Shekara 18 ina kafinta a Kaduna, kuma babu aikin da ke cin raina kamar kankare tsohon folish daga ƙofa mai sassaƙa. Samfefa ba ta shiga lungu, in ka matsa mata sai ta cinye bakin zanen. Wannan ne ya sa na yi odar na'urar leza, mai kankare folish da ƙarfin haske, mai wat 200, daga Jinan ta ƙasar Sin.

Na fara gwada ta a kan wata ƙofar maɗaci da wani dattijo ya kawo, gadon mahaifinsa. Folish ɗin ya yi baƙi ƙirin, ya daskare a cikin zanen dagi. Ina bi da bakin na'urar a hankali, baƙin na tashi hayaƙi, jan maɗaci na fitowa tas. Baƙin dattin ne ke shanye hasken ya ƙone, katakon kuma ya tsira. Abin da nake kwana biyu ina tsokala da tsinke, kafin la'asar na gama. Dattijon ya jima yana shafa ƙofar, sannan ya ce, "Malam, haka na san ta ina yaro."

Amma mai saye ya kula. Leza iri biyu ce: mai harba haske guntu-guntu, da mai zuba shi ba tsayawa, irin mai wat 1500 ta cire tsatsar ƙarfe. Ta biyun babbake katako take yi. Ko tawa mai harbawa guntu-guntu, da hannuna ya ɗan tsaya a gefen wani teburin loko, tabon ƙuna ta bari, sai da na kankare wurin.

Farin fenti yana ba ta wahala, don mayar da hasken yake yi. A shimfiɗaɗɗen katako kuwa injin samfefa ya fi ta sauri nesa ba kusa ba.

Hayaƙin ne ya fi damuna, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma, sai da takunkumi da injin zuƙe iska. Hasken kuma ido ba ya ganinsa amma yana makantarwa. Yaran shagona biyu ne kawai na saya wa tabarau nasa, kuma in na kunna, kowa waje yake fita sai su.