Toka ko gawayi: wanne za a zuba wa lambu?

Malam, ka tambaya ko tokar murhun gidanku za ta iya maye gurbin gawayin da ake cewa a haɗa da ƙasar lambu, tunda duk wuta ce ta haife su. Uwarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban.

Toka ita ce abin da ya rage bayan itace ya ci wuta sarai. Tana ɗauke da sinadaran fotash da kalsiyam, tana kuma rage tsamin ƙasa nan da nan. Sai dai babu naitirojin a cikinta, wanda shi ke sa ganye ya yi kore shar, kuma ruwa yakan wanke fotash ɗinta. Idan ƙasarka mai kanwa ce, ƙara mata toka ɓarna ce. Kada ka gauraya ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji, don ƙarfin takin zai bi iska. Yayyafi ake yi mata, ba jibgewa ba.

Shi gawayi ba a bar shi ya ƙone duka ba, an hana shi iska. Cikinsa ƙananan ramuka ne fal, kamar saƙar zuma, masu riƙe ruwa da abincin shuka. Rumbu ne, ba hatsi ba. A nan mutane da yawa ke yin kuskure: su daka shi, su zuba haka nan, sai alayyafo ya yi rawaya, su ce ƙarya aka yi musu. Rumbun da babu komai a ciki sai ya fara cika kansa, daga abincin shukarka kuwa. Don haka ka cuɗa shi da kashin awaki ko na shanu, ka jiƙa, ka rufe mako 2 zuwa 4 kafin ya shiga fangali. Kwano 1 nasa ga kwano 9 na ƙasa ya isa. In an yi haka, ba aikin shekara ɗaya ba ne: baƙar ƙasar da mutanen zamanin da can suka yi a dajin Amazon na Brazil, da gawayi da sharar gida, ta haura shekara 1,000 a wasu wuraren, har yau ta fi ta kewayenta albarka.

Ba sai ka sare itace ba. Karan dawa, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, da ɓuntun shinkafar da ke tule a bakin injinan casa irin na Kura, duk suna yi. Ka haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, ka kunna wuta a ƙasa, da ka ga saman ya fara fari ka ƙara wani karan. In ramin ya cika, ka kashe da ruwa sosai, in ba haka ba da safe toka za ka tarar.

Ni dai in lambunka jigawa ce mai shanye ruwa kafin ka juya baya, gawayi zan zaɓa. A lakar fadama amfaninsa bai kai haka ba. Tokar kuma ka adana ta a buhu inda ruwa ba zai taɓa ta ba, ka ɗan barbaɗa wa tumatir da albasa, nesa kaɗan da gindinsu.