Final Fantasy Pixel Remaster: wanne ya kamata ka fara saya, kuma a kan wace na'ura?

A gidajen gem na Nima da Mamobi a birnin Accra ƙwallo ce ke mulki, sai wasannin dambe da na harbi su biyo baya. Masu son Final Fantasy 'yan tsiraru ne, amma in suka haɗu musunsu ba ya ƙarewa. Wanda ya taso da PlayStation ta farko ba ya yarda akwai abin da ya kai na 7, wanda ya fito a 1997 a kan faifai uku. 'Yan zamanin PS2 suna bayan na 10 na shekarar 2001. Akwai kuma waɗanda ke cewa tun daga lokacin da aka bar faɗan bi-da-bi aka koma sara da gudu, kamar yadda na 16 ya zo a 2023, jerin ya bar gida. Duk wannan musu ana yinsa ne a kan rabin tarihi, domin da yawa cikin masu yinsa ba su taɓa buga shidan farko ba. Su ne kamfanin Square Enix ya sabunta ya tara wuri guda da sunan Pixel Remaster, kuma a ganina sun cancanci kuɗinsu, sai dai ba duka a lokaci ɗaya ba, ba kuma bisa jerin lambobinsu ba.

Na farko ya fito a Japan a Disambar 1987, na 2 a 1988, na 3 a 1990, na 4 a 1991, na 5 a 1992, na 6 a 1994. Kowanne da duniyarsa da mutanensa, saboda haka ba sai ka gama ɗaya ba kafin ka gane na gaba. Sabuntawar ta fara fita a kwamfuta da waya a 2021, na 6 ya biyo a Fabrairun 2022, sannan PS4 da Switch suka samu a Afrilun 2023. An sake zana 'yan wasan da hannun Kazuko Shibuya, wadda ta zana su tun asali, kiɗan kuma an sake ɗaukarsa ƙarƙashin kulawar Nobuo Uematsu.

Farashin fitowa a shagon Amurka dala 74.99 ne ga dukan shida, ko 11.99 ga na 1 da na 2 kowanne, 17.99 ga sauran huɗun kowanne. In ka mayar da wannan sidi ka ɗora ribar mai sayar da kati, ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka a jira rangwame, yakan zo. Shagon PlayStation ba shi da reshen Ghana, shi ya sa mutane ke buɗe asusun Amurka ko na Ingila su sayi lambar kati ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, wajen 'yan kasuwar Circle. Inda ake yawan asara shi ne sayen katin ƙasar da ba ta dace da asusun ba: katin fam ba ya shiga asusun dala, kuma da wuya mai sayarwa ya karɓi lambar da ya riga ya tura. Ka duba ƙasar asusunka kafin ka tura kuɗi. Ka kuma guji tayin nan mai araha na a zuba maka wasan daga asusun wani. Ranar da mai asusun ya canza kalmar sirri ko ya cire na'urarka, wasan zai kulle, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Game da na'ura, Switch ce ta fi dacewa da rayuwar Accra. Tana da batir, dumso (ɗaukewar wuta) ba ya yanke maka faɗa a tsakiya, kuma za ka iya kwantar da ita ka ci gaba daga inda ka tsaya bayan ka sauka daga trotro. In ta hannu za ka saya, ka buɗe wurin gwajin sandunan juyawa ka ga ko ɗigon yana motsi da kansa, sannan ka sa mai shagon ya shiga eShop, shagon Nintendo na intanet, a gabanka, domin na'urar da aka taɓa yi wa kutse ana iya hana ta shiga shagon har abada. Na PS4 yana tafiya a PS5. Na kwamfuta ba ya neman babbar na'ura. Na waya shi ne mafi sauƙin samu, amma tafiya da yatsa a kan gilashi tana gajiyarwa a cikin kogo mai lunguna. Ta fuskar data kuwa babu damuwa: kowanne bai kai gigabait biyu ba, alhali Final Fantasy VII Rebirth na 2024 yana neman kusan gigabait 150 a PS5.

Abin da ya fi komai amfani a wannan sabuntawa shi ne ajiye wasa. A da sai a filin duniya ko wani keɓaɓɓen wuri ake ajiyewa. Yanzu wasan yana ajiye kansa duk sa'ad da ka shiga sabon wuri, kuma akwai ajiyar gaggawa da za ka yi a tsakiyar kogo. Amma waɗannan biyun gurbi ɗaya-ɗaya ne, sabuwa tana goge tsohuwa. Kafin ka shiga wurin da ba a dawowa, ka yi cikakkiyar ajiya a gurbi na daban. Akwai taswira da ke nuna akwatunan taska da adadin waɗanda ka buɗe a kowane wuri. Akwai faɗan kai-tsaye, wanda ke maimaita umarnin da ka bayar na ƙarshe cikin sauri. Yana rage wahala, amma ba ya tunani, zai ci gaba da jefa wuta kan dodon da wuta ke ƙara wa lafiya, ko ya ƙarar maka da magani. Sannan akwai sashen Boost a cikin saituna, inda za ka kashe faɗan ba-zata gaba ɗaya, ko ka ninka makin gogewa da kuɗin wasan har sau huɗu, ko ka rage su zuwa rabi ko sifili.

Ƙorafin tsofaffin masoya iri biyu ne. Na farko rubutun ne: siririn harafin da aka fara fitarwa da shi yana wahalar karantawa, musamman a ƙaramin allo. Wannan an magance shi da zaɓin harafi irin na da, kuma shi zan ce ka kunna tun minti na farko. Na biyu ya fi nauyi, kuma ina tare da su: ƙarin abubuwan da aka saka a fitowar Game Boy Advance babu su a nan. Na 5 ya rasa ƙarin sana'o'i huɗu (wato irin aikin da ɗan wasa ke yi a faɗa) da kogon Sealed Temple, na 6 ya rasa Dragons' Den da ƙarin halittun kira huɗu, na 4 ya rasa Lunar Ruins. Ga sabon shiga wannan ba rashi ba ne, tun da labarin cikakke ne. Ga wanda ya san su kuwa, an sayar masa da gida babu ɗakin baya. Iyaye masu saya wa yara su sani cewa babu jini ko tsiraicin da za a ɗaga hankali a kai, amma sihiri da kiran halittu irin su Ifrit da Shiva suna cikin ƙashin wasan, kuma karatun Turanci ko Faransanci yana da yawa.

Na 1 da na 2 a bar su zuwa ƙarshe. Na 1 gajere ne, labarinsa kaɗan: ka zaɓi mutum huɗu cikin sana'o'i shida, kuma Warrior, Monk, White Mage da Black Mage ba sa ba da kunya. Sihirinsa ƙidayayye ne a kowane mataki, kowane mataki kuma guda uku kawai za ka iya koya, don haka kada ka cika gurbi kafin ka sayi Haste da Temper, su ne ke karya dodon ƙarshe. Na 2 shi ne wanda masoya suka fi rabuwa a kansa, domin babu hawan mataki, abin da ka yi amfani da shi ne ke ƙaruwa. Sirrinsa garkuwa ce da sulke mara nauyi, saboda kaucewa ta fi kauri amfani. Mutane kan lafta wa kowa sulken ƙarfe, su rasa kaucewa, sannan su ce wasan mugu ne.

Na 3 ya fi samun gyara a cikin shidan. An cire makin da ake biya a da don canza sana'a, kuma doguwar tafiyar ƙarshe daga Crystal Tower zuwa World of Darkness, wadda a asali babu wurin ajiya a cikinta, yanzu ta zama abin da mai aiki zai iya gamawa a dare biyu. Yana tilasta maka sana'a a wasu wurare: dodon Garuda sai da sana'ar Dragoon, kuma inda aka mayar da ku ƙanana da sihirin Mini, takobi ba ya cin komai, sai a mayar da kowa mai sihiri a jera su a sahun baya.

Wanda bai taɓa buga irin wannan wasa ba, na 4 ne ƙofarsa. Labarin Cecil miƙaƙƙe ne, wasan ne ke zaɓa maka mutane, kuma a nan aka fara tsarin faɗa mai agogo, inda dodo ba ya jiran ka gama tunani. Wannan fitowar ta yi sauƙi da yawa, har zan ce mai son a gwada shi ya mayar da makin gogewa rabi. Wuri ɗaya ke kama mutane: Lodestone Cavern, inda duk wanda ke sanye da ƙarfe yake sandarewa. A cire takobi da sulke da zoben ƙarfe kafin a shiga, a ba Cecil baka da kibiya.

Na 6 shi ne wanda aka fi yabo, kuma yabon bai wuce kima ba: mutum 14, mugu irin Kefka, da rabin wasa na biyu da ke sakinka ka nemo jama'arka da kanka. An gyara dabarun Sabin, ɗaya daga cikin mutanenka, yanzu maɓallan da za ka danna suna fitowa a allo. Amma Boost yana iya cutar da kai a nan. Ƙarfin mutum da sihirinsa ba sa ƙaruwa da hawan mataki kawai, sai in yana riƙe da dutsen halittar da ke ba da ƙari a daidai lokacin da ya hau, kamar Bismarck mai ƙara ƙarfi da biyu, ko Zona Seeker mai ƙara sihiri da biyu, wanda ake samu a gwanjon Jidoor. In ka ninka gogewa sau huɗu tun farko, ka ƙone matakai da yawa a banza. Ka bar ta yadda take, ka ninka makin koyon sihiri kawai. Kuma a ƙarshen Floating Continent, in agogo na gudu aka tambaye ka ko za ka yi tsalle, ka zaɓi jira har saura daƙiƙa biyar. In ka yi gaggawa, abokin tafiyarka Shadow ya tafi ke nan har ƙarshen wasa.

Duk da haka, in ɗaya kawai kuɗinka zai kai, na 5 nake ba da shawara, ko da 'yan na 6 za su ce an yi musu rashin adalci. Labarinsa bai kai nasu nauyi ba, gaskiya ne. Amma sana'o'insa 22 da damar ɗauko dabarar wannan ka ɗora a kan waccan suna sa kowane babban dodo ya zama tambaya mai amsa fiye da ɗaya, kuma za ka iya sake bugawa ta wata hanya dabam. Wanda ya ƙware a sana'o'i ya koma Freelancer, wato marar sana'a, yana gadon ƙarfinsu, shi ya sa haɗin Dual-Wield na Ninja da Rapid Fire na Ranger da Spellblade na Mystic Knight ke ba da sara takwas a juyi ɗaya.

Hanyar tara makin sana'a ita ce ƙarƙashin fadar Bal a duniya ta biyu. Gumakan Objet d'Art da ke can suna fitowa biyu ko biyar, biyar ɗin suna ba da maki 8, wato 32 in ka ninka sau huɗu. Matakinsu 45 ne, don haka Level 5 Death, sihirin da ke kashe duk wanda matakinsa ke rabuwa da biyar, yana share su gaba ɗaya. Ana koyonsa a Library of the Ancients daga dodon Page 64: dole a samu Blue Mage a tawaga wanda matakinsa ke rabuwa da biyar, sihirin ya faɗa kansa, ya mutu, a ci faɗan, sannan a tashe shi. In ba ka koya ba, Gold Needle na gil 150 a kuɗin wasan yana kashe gunki ɗaya nan take. A fadar Karnak kuwa minti goma ake ba ka ka fita, agogon ba ya tsayawa a cikin faɗa, akwatuna da yawa kuma da dodo a ciki, don haka ka gyara sana'o'i da kaya kafin wutar ta tashi. Kafin ka bar duniya ta farko ka koma fadar Walse, ka bi bayan magudanar ruwa ka yi faɗa da Shiva da sihirin wuta, domin in ka wuce ba tare da ita ba, babu sauran hanyar samunta.